Murjanin Da Zai Bi Ki Tsafe

Assalamu alaikum, Autata.

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya tsare min ke a inda kike zaune yanzu da inda za a kai ki, Ya kuma tsare hanyar da ke tsakani. Kina ɗakin da ke jikin nawa, ina jiyo dariyar ƙawayenki ta bango, amma ga ni ina rubuta miki wasiƙa kamar kina wata ƙasa. To ya zan yi? Tun da aka shiga hidimar bikin nan ban same ki ke kaɗai ba, kullum ana shafa miki wani abu ko ana turara ki. Ko na same ki ma na san halina, kuka zan fara kafin in kai tsakiyar magana. Kuma kin san uwa ba ta raka 'yarta ɗakin miji. Gwaggonninki ne za su kai ki Tsafe, ni ina nan Gusau ina sallamar baƙi.

Murna nake yi, Auta, irin wadda ta hana ni zama wuri ɗaya. Babanku ya ce tun jiya nake zagaya gidan nan kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ya yi ta faɗa! Ina murnar aurenki, ina kuma murnar wani abu da ba mai gane daɗinsa sai ke: tankin gilashin nan na murjani mai rai zai bi ki. Duka, ba rabi ba. Da dutsen, da ruwan, da jatan landen nan masu dogon farin gashin baki, da katantanwoyin da ke lashe gilashi, da 'yar ƙaguwar nan mai sauya gida duk lokacin da ta ga dama. Yayanki Bashir zai ɗauko shi da sanyin safiyar ranar da za a kai ki, ruwan a jarkoki, dutsen a bokiti mai murfi, ya haɗa shi a falonki kafin ku iso.

Na san za ki ce in rage wani abu. Ba zan rage ba. Idona ya daina ganin layin ma'aunin gishiri, ke kike duba min tun shekarun baya, kuma ba zan riƙe abin da ba zan iya kula da shi ba don kawai ina son kallonsa. Sai dai ki sani ba mu da wani a ajiye. Ban san gida ko ɗaya a garin nan da za a je a yanko irinsa ba. In ya mutu a Tsafe ya tafi ke nan, kuma makon farko na ɗakin amarya shi ne mafi hatsarin da zai taɓa gani. Shi ya sa zan zayyana miki ɓarnar da na yi da hannuna, wadda kina ƙarama aka yi yawancinta.

Kin sha jin yadda abin ya fara. Bayan mun gama aikin Hajji muna jiran jirgi a Jidda, na bi wasu mata cikin wani kanti, sai na yi kiciɓis da akwatin gilashi cike da ruwa, da wasu abubuwa masu launi suna kaɗawa a kan dutse. Na tambayi mai kantin wane fure ne wannan, ya ce min murjani ne, kuma dabba ce mai rai. Ni da na san murjani a wuyan kakarku, ja mai tauri, ana ajiye shi a adaka! Ni da na shekara da shekaru ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, ina zana shi da alli a kan allo, ban taɓa ganin ya motsa ba. Na tsaya a wurin har abokan tafiyata suka yi tsammanin na ɓata. Tun daga ranar ban sake samun sukuni ba.

Da na dawo na sa mai yankan gilashi ya haɗa min ɗan tanki. Na ce ai ruwan teku ruwa ne da gishiri, kuma duka biyun muna da su. Na aika kasuwa aka auno min gishirin girki, na sa aka jawo ruwan rijiya, na zauna ina juyawa da muciya. Babanku ya leƙo ya ce, "Malama, miyar mi za a kaɗa haka ba kuka ba kuɓewa?" Na ce ya jira ya gani. Ya kuwa gani. Kayan farko da wani direba ya kawo min daga Legas, bayan duk wahalar hanyar da suka sha, kafin wata safiya sun narke sun zama majina, ɗakin yana wari. Na yi kuka sosai, babanku bai ko yi min dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Don haka, Auta, duk ranar da buhun gishirin teku ya kusa ƙarewa ki yi aike tun da wuri, kada ki ce bari in ɗan cike da na kicin. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa, komai haskensa a ido, ba nasu ba ne. Tataccen ruwa kawai, ki haɗa a jarka, ki bar shi ya kwana, ki auna, sannan ki zuba a hankali.

Na biyu ma gaggawa ce ta kashe su. Na samo gishirin gaskiya, na haɗa ruwa daidai, amma na kasa haƙurin barin ruwan ya nuna da dutsen a ciki kafin in sa masu rai. Ke kin huta da wannan tun da tsohon ruwa da tsohon dutse za ki tafi da su. Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne kada zumuɗi ya sa ki ƙara sabon abu a watannin farko, ko da mijinki ya gani ya yi sha'awa ya ce zai sa a kawo miki kifi mai ratsi. Ki yi masa godiya, ki ce a dakata tukuna.

Wadda ta fi ba ni kunya ita ce ta bazara. Zafin Gusau ya taso, ruwan tanki yana raguwa kullum, ni kuma ina cikewa da ruwan gishiri, ina jin kaina mai ƙoƙari. Murjanin ya fara tsukewa, katantanwoyi suna faɗowa daga gilashi, na rasa dalili. Ina tsaye a kicin wata rana na ɗanɗana miyar da na mance a kan wuta, na ji gishiri ya yi mata yawa alhali ban ƙara ba, sai na saki ludayin na ruga falo. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan inda yake! Abin da na koya wa 'yan aji ɗaya ke nan shekara da shekaru, ni kuma ya wuce ni a cikin falona. Kin ga layin da na ja a jikin gilashin da baƙin alƙalami. In ruwa ya sauka ƙasa da shi, da ruwa marar gishiri ake cikewa. Ruwan gishiri sai ranar canji, ki ɗebi kaɗan ki mayar da kaɗan.

A wannan bazarar dai na sayi ƙanƙara a wurin masu sayarwa na jefa ta ciki gaba ɗaya, wai ina taimako. Sanyin ya buge su lokaci guda, ga shi ban san da wane ruwa aka yi ƙanƙarar ba. Tsafe ma ba ta rasa zafi ba, don haka ki daskarar da ruwa a gora mai murfi ki sa ta yi iyo a sama, ki juya 'yar fanka tana hura fuskar ruwan. Kada tankin ya zauna inda rana ke shigowa ta taga. Bashir zai haɗa injin motsa ruwan da batirin sola, amma in wata rana wuta ta ɗauke batirin ma ya gaza, ki ɗauki kofi ki riƙa ɗiba kina zubawa daga sama. Hannu zai gaji, na sha yi, amma sun fi jure duhu a kan ruwan da ya tsaya cik.

Sai maganar abinci, wadda na san jininmu ce. An tashe mu a kan cewa ba a barin mai rai ya kwana da yunwa a gidanka. Ni kuwa duk wucewar da zan yi sai in ga jatan landen nan sun miƙo hannu, sai tausayi ya kama ni in barbaɗa musu. Ba su ƙoshi ba, ba za su taɓa nuna sun ƙoshi ba, amma ruwan ya ɓaci, gansakuka ta rufe dutsen har ta shaƙe murjanin. Na daɗe ina tsince ta da tsinke. Murjanin nan rabin abincinsa hasken fitilarsa ne, sauran kuma ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba ya ishe su. Ki kula da masu zuwa ganin ɗaki. Wallahi sai wata ta gutsuro cincin ko dubulan ta ce bari ta ba bayin Allah, yara kuma su jefa kwabo su ga yadda zai nutse, alhali ƙarfe irin na kwabo guba ne a wurinsu. Ki bar murfin a rufe, ki sa ƙawarki ɗaya mai baki ta zauna kusa.

Ke kanki a makon nan hatsari ce. Na ga hannunki ɗazu, lalle har gwiwar hannu, ga dilka, ga humra, ga man da ban ma san sunansa ba. Kin yi kyau har na kau da kai don kada bakina ya kama ki. Amma wannan hannun kada ya shiga ruwan. Na taɓa dawowa daga suna da turare a hannu, na ga wani dutse ya karkace, na tsoma hannu na gyara. Murjanin ya rufe bakinsa ya ƙi buɗewa, na yi ta sintiri a gabansa ina ba shi haƙuri kamar yana ji. Na saka miki safar hannu ta roba doguwa da ɗan dogon cokalin roba a cikin bokitin. In kin taɓa irin murjanin nan masu kama da maɓallin riga, ko da safa ne, ki wanke hannu kafin ki kai shi ido ko baki, don suna da dafi.

Kada duk wannan ya tsorata ki, don abin da za ki samu ya fi wahalar nesa ba kusa ba. Ki tashi da safe bayan kin idar da salla, ki kunna shuɗiyar fitilar, ki ja kujera. Da fari dutsen zai yi kamar ba kowa, wata shunayyar fata kawai a shimfiɗe. Sai ki ga ɗaya ya leƙo, sai na kusa da shi, kafin ki ankara dutsen ya rufe da kore yana kaɗawa kamar gonar gero bayan ruwan farko. Shekara nawa ina kallon wannan, har yau sai na ce Subhanallah da ƙarfi. Mu da ko babban kogi sai damina muke gani da ruwa, ga teku a cikin falo! Ki kira mijinki ya gani tun ranar farko. In lallen ya fita kin wanke hannu tas, ki tsoma yatsa ki bar jatan lande ya hau ya yi miki yankan farce, ki ga yadda yaron nan zai buɗe baki.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin san Gwaggo Delu, yayar babanku ta Bungudu, ita ce za ta zauna da ke kwanakin farko. Kin san duk yankin ba wadda ta kai ta iya haɗa turaren wuta, kuma ba ta shiga ɗaki ta fita ba ta bar shi yana hayaƙi ba. Abin da ba ki sani ba shi ne ita ce ta kashe min tanki mafi kyau da na taɓa yi, ni kuma ina tsaye ina kallo.

Lokacin abubuwa sun zauna, launi kala-kala, har na fara jin ni ma wata ce. Ta zo mana kwana biyu. Da la'asar ta ce falon nan yana ƙarnin kifi, ta ciro kaskonta ta zuba garwashi, ta ajiye shi a gindin tankin, daidai inda injin ke zuƙar iska yana turawa cikin ruwa. Ta rufe tagogi don ƙamshin ya kama labule. Da magariba ta gabato ta ce sauro ya yi yawa, ta ɗauko maganin feshi ta bi kusurwa kusurwa har saman ruwan. Auta, na san abin da zai faru. Na sani sarai. Maganar ta zo min har maƙogwaro, sai na tuna yayar miji ce, baƙuwa ce, kuma alheri take yi min. Na ce a raina wace ni da zan ce wa Yaya Delu ta kashe turarenta saboda dabbar ruwa? Sai na ce, "Sannu da aiki, Yaya."

Da safe jatan lande suna kwance a ƙasa, ƙaguwa ta fito rabi daga ƙwansonta ta sandare, murjanin yana saɓulewa daga dutse. Na kwashe su kafin ta tashi, na ce mata zafi ne. Ɗan guntun da bai wuce farcen babban yatsa ba ne ya tsira a bayan wani dutse, kuma duk koren nan da kike gani daga shi ya yaɗu. Ban taɓa gaya mata ba. Duk zuwan da ta yi bayan nan sai in rufe falon in ce makullin ya ɓata.

Da aka ce ita za ta zauna da ke, barci ya ƙaurace min. Na fara rubuta miki cewa ki daure ki yi mata magana, sai na ji kunyar kaina. Ta yaya zan ɗora wa amarya a cikin mayafi abin da ni na kasa da furfurata? Shekaranjiya na ce wa babanku zan je duba tukwanen biki, na hau mota na tafi Bungudu. Na same ta a tsakar gida tana soya itacen turarenki da sukari, unguwar duk ta ɗauki ƙamshi. Muka gaisa, na sha ruwa, na yi ta kewaye-kewaye da zancen tukwane har ta ce, "Malama, ba tukwane sunka kawo ki ba. Hwaɗi."

Na faɗa mata duka. Ta sauke kaskon suyar daga wuta, ta juyo ta dube ni. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Shekara nawa ke nan kina tarbata da hwara'a, kina aza min tuwo, wagga magana tana cikinki? Ashe makullin nan bai taɓa ɓacewa ba." Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Da kin ce min uffan da na kashe garwashin nan take. Ni ina na san abin ruwa na da hanci? Kin bar ni na yi kisa ban sani ba, kin kuma bar ni ina zama waje kamar baƙuwa." Idonta ya kawo ruwa, nawa ma ya kawo. Wallahi ban taɓa tunanin shirun nan ya cuce ta ba, na ɗauka girmamawa ce.

Can ta share ido da gefen zane ta mayar da kaskon kan wuta. Ta ce, "Maganin sauro na bar shi, a ɗaura gidan sauro. Amma kasko zan tahi da shi, ba a kai ɗiya gidan miji ba ƙamshi. Sai dai ita mai ɗakin ta buɗa baki ta gwada min inda zan aza shi. In ta yi kurum irin na uwatta, inda na saba zan aza."

Na roƙe ta ta bari in gaya mata wurin tun yanzu. Ta ce a'a, ɗakin ba nawa ba ne. Na yi ta juya maganar a mota har muka shigo Gusau, na ga ta fi ni gaskiya. Bayan Gwaggo akwai uwar mijinki, akwai 'yan uwansa, akwai maƙwabta masu kirki da za su shigo da alherinsu a hannu, kuma ba zan bi su ɗaya ɗaya in yi miki magana ba.

Don haka ga abin da zai faru. Za a shigar da ke, a zaunar da ke a bakin gado, mayafi har ƙirji, ɗaki cike da mata ana guɗa. Za ki ji ƙarar garwashi a kasko. Kowa zai sa ran ki yi shiru, kuma shirun zai yi miki daɗi, na sani. Sayen baki na ango ne, Gwaggo ba ta cikin wannan ciniki. Ki ɗan ɗaga mayafin ki kira ta a hankali, ki ce a turara uwar ɗaka da tufafi, a ja ƙofar falo, kaskon kuma ya zauna a tsakar gida. Wata za ta ce amaryar nan ba ta da kunya. Ki bar ta ta faɗa, zuwa jibi ta mance.

Ni kuwa zan tashi washegari in tarar da kusurwar falon nan wayam, ba ƙarar inji, ba ke. Zan yi kewarku har ban san wanda zan fi yi wa kuka ba, kada ki gaya wa babanku na haɗa ki da katantanwa. Amma ina farin ciki, Auta, farin ciki na gaske, don na san hannun da na ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya kai su lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na dare da na rana. Allah Ya sa gidan ya karɓe ki, Ya sanya tausayi tsakaninki da mijinki, Ya ba ku zuri'a mai albarka. Allah Ya ba ki haƙurin da na koya a makare. Ranar da kaskon nan zai shigo ɗakinki kuma, Allah Ya buɗe miki bakin da ni na kasa buɗewa.

Wassalam.

Innarki.